Ba kullum laifin hamada ba ne

A Segedin, arewa da Dirku, inda hanyar Jado ta rabu da ta Madama mai zuwa Libiya, in intanet ta ƙi, amsa ɗaya ake bai wa jama'a: nisa ne, rezo ne. Sau da yawa gaskiya ce. Amma akwai matsalar da ba ruwanta da rairayi: gajeren saƙo ya wuce, shafin banki ko na wata ma'aikata kuwa ya tsaya cik.

Bayanai suna tafiya ne ƙunshi-ƙunshi, kamar kantun gishiri a bayan raƙuma. Ƙunshi mafi girma da aka saba da shi oktet 1500 ne. Masana na ce wa wannan iyaka MTU. In kamfani ya ƙara wa ƙunshin nasa marufi, hanya ta ƙuntace: tsarin PPPoE kaɗai yana maido da iyakar 1492. Tun 1990 aka tsara cewa na'urar da ƙunshi ya fi ƙarfinta ta aika wa mai kaya sanarwa ya rage. To, wasu masu kula da rezo, da sunan tsaro, sukan toshe wannan sanarwa da ake kira ICMP. Kaya na zubewa a hanya, mai aikowa bai sani ba, mai jira yana ta jira.

Gano cutar ba wuya. Ma'aikacin kamfani ya aika gwajin ping na oktet 1472, tare da hana rarraba shi. In bai dawo ba, ya riƙa ragewa har ya dawo. Maganin ma sananne ne: a buɗe wa sanarwar hanya, ko a daidaita girman ƙunshi a na'urar kamfanin. Ba a buƙatar sabon turke, balle rancen ƙasashen waje.

Ɗan kasuwan da ya biya kuɗin haɗi, da malamin asibitin da zai aika rahoto Bilma, ba aikinsu ba ne su koyi wannan lissafi. Isowar Starlink Nijar a 2025 ta ba su zaɓi, amma ga mai hali. Hukumar ARCEP, wadda doka ta ɗora wa sa ido kan ingancin sadarwa, ya kamata ta sa wannan gwaji cikin abin da take tambayar kamfanoni, kuma ta yi awon a Kawar, ba a Yamai kaɗai ba.