Daidai Ko Ɗaiɗai: Rigimar Da Kwamfuta Ta So Ta Haɗa A Riko

Makon jiya na je Riko, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, domin sadakar arba'in ta wani kawuna. Zuriyarmu, kamar yawancin gidajen wannan yanki, iyaka ta ratsa ta tsakiya: wasu suna nan, wasu suna Ɗan Isa da Maraɗi. Dattawa sun riga sun zauna a kan abin da marigayin ya bari, wani ɗan'uwanmu malamin makaranta a Maraɗi ya buga matsayar da aka cimma, ya aiko da ita a filashi. Aka ba wani ɗan ƙanwata, mai ɗan shagon buga takardu da hasken sola, ya fitar da kwafi domin a karanta wa magada.

Da aka zo kan tumaki sai aka ji takarda ta ce a ba 'ya'yan marigayi “daidai”, sauran kaya kuma a sayar a biya bashi. Nan take wuri ya yamutse. Wani ya ce yaushe aka fara raba gado daidai tsakanin namiji da mace. Wani ya ce idan an rabe tumakin duka, da me za a biya bashin? Har an fara zargin mutumin Maraɗi da sauya magana. Dattijon da ya jagoranci zaman ya rantse cewa abin da magada suka amince da shi shi ne kowane ɗa ya riƙe tunkiya guda, wato “ɗaiɗai”, a sayar da ragowar.

Na ja yaron gefe na ce ya nuna mini asalin rubutun. Ya ce, “Kawu, wallahi takardar nan da ciwonta ta zo, gyara ta na yi.” Da ya buɗe sai ga kalmar a tsaye kamar haka: É—aiÉ—ai. Inda aka rubuta “ƙasa” kuwa, Æ™asa ke nan. Shi da ya ga tarkace, sai ya bi layi-layi yana sharewa yana maye gurbinsu da d da k, domin su ne madannansa ke da su. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma saura ƙiris gyaran gangar auzinawa ya raba zumunta.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka fito da shi a Amurka a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, kuma ba a yi shi da tunanin Bahaushe ba. Sai da Unicode ya zo a 1991 kowane harafi na duniya ya fara samun lambarsa, har da namu masu lanƙwasa. A tsarin adana rubutu na UTF-8, wanda mutumin Maraɗi ya yi amfani da shi, ana ajiye ɗ da lambobi biyu a haɗe. Idan manhaja ta karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ta ɗauki kowace lamba a matsayin harafi mai zaman kansa, ɗaya ta zama É, ɗaya ta zama dogon karan ɗori. Rubutun lafiyarsa lau, makarancin ne ya ɗauko mabuɗin wani ɗaki. Muka rufe ba tare da adanawa ba, muka sake buɗewa a Word, da ya tambayi tsarin da za a bi muka zaɓi UTF-8. Sai ga “ɗaiɗai” ta fito da ƙugiyoyinta biyu. Na kira masu gardama suka gani da idonsu.

A nan ne na lura da ciwo na biyu. Na sa hannu zan rubuta “wata”, ina bin abin da ke zane a kan madannai, sai allo ya nuna “zqtq”. Ashe kwamfutar ta hannu ce, daga Maraɗi aka sayo ta, da madannai irin na Faransa da ake kira AZERTY, amma wanda ya sake ɗora mata Windows a Katsina ya bar ta a kan tsarin Ingilishi na QWERTY. A tsakanin tsarin biyu A da Q sun yi musayar gurbi, haka W da Z, M kuma ta koma gefen L. Duk wanda ya san yawan a da w a Hausa ya san wahalar da ke nan. Wata shida yaron nan yana aiki da ka, yana danna Q idan yana son A, ya ɗauka halin na'urar ne. Maganin bai kai minti biyu ba: a shiga saitin harshe a ƙara madannan Faransanci, sa'an nan a riƙa sauyawa da maɓallin Windows haɗe da na tazara.

Sai dai madannan Faransa ma ba su da ƙ. Windows yana da tsarin Hausa, amma a kan jerin QWERTY aka gina shi, don haka na ce ya nemi madannan Ingilishi idan ya shiga Katsina. Kafin nan na rubuta masa lambobi a takarda ya manna a bango: U+0199 don ƙ, U+0257 don ɗ, U+0253 don ɓ. A Word, idan ka buga lambar ka danna Alt da X, sai ta rikiɗe ta zama harafin.

Ban ga laifin yaron sosai ba, domin mu manya muka koya masa cewa ƙugiya ado ce. Tun zamanin da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 ake fama da injinan da ba su san haruffanmu ba. Da kwamfuta ta shigo, salon haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, suka ceci maɗaba'u da marubuta a lokacin da babu wata mafita. Dabarar irin waɗannan salo ita ce aron gurbin wata alama a zana mata fuskar ƙ ko ɗ. Shi ya sa idan aka kai rubutun inda babu salon, sai ka ga “}asa” da “]aya”, ko “qasa” da “xaya”. Ina tunanin ɗimbin littattafai da kundayen digiri da ke kwance a haka cikin tsofaffin kwamfutoci, ba wanda ya juyar da su zuwa Unicode. Wannan aiki ne da ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauka tun waɗanda suka san sirrin fayilolin suna raye. Yau kuwa da wayar hannu ma ke ba da ƙ idan ka saka madannan Hausa, uzurin ya ƙare. Wanda ya rubuta cewa hakimi ya tafi “fada” alhali faɗa ya tafi rabawa, ganganci ya yi.

Da za mu sake fitar da takardar, yaron ya nuna mini “ƴaƴa” ya ce, “Kawu, wannan ma a gyara?” Na ce ya bar ta, haka ake rubuta 'y a Nijar. Muka buga kwafi shida, uku suka tsaya a Riko, uku suka bi motar Magama da yamma.