Wa Zai Auna Mana Kwata?



Kwanakin baya wani dattijo ya shigo zauren mai gida da ɗansa a bayansa, yana neman a yi wa yaron faɗa. Laifin yaron shi ne ya sami gurbi a jami'ar fasaha, zai karanta injiniyancin gine-gine da hanyoyi, uban kuwa ya rantse ko sisi ba zai biya ba. Ya ce bai sha wahalar shekara goma sha biyu yana ɗawainiyar karatu don ɗansa ya ƙare a birkila mai hular kwano ba. Ko lauya, ko likita, ko kuwa ya zauna a shago har Allah ya kawo bizar Amurka. Muka rubuta abin da aka faɗa kamar yadda aikinmu yake, muka kame bakinmu saboda furfura. Amma abin da ladabi ya hana mu faɗa a zaure za mu faɗe shi a nan, domin dattijon nan bakin da yawa daga cikinmu ya ara.

Kafin ya iso zauren, sai da ya tsallake kwata a kan katako guda, yana dafa bango. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙararraki a gidan wani sarkin Zango ya san abin da ke cika shi da damina: wannan ya ɗaga dakalinsa ruwa ya koma ɗakin maƙwabci, wancan ya toshe hanyar ruwa da bulo, wata gwauruwa katangarta ta zube cikin dare. Mukan yi sulhu, a yi fatiha, a watse, baɗi a dawo da ƙarar nan ba sauyi. Ruwa ba ya halartar zaman sulhu, gangare kawai yake bi, kuma a cikinmu da wuya ka sami wanda ya iya auna gangaren.

Mutanen Ankara ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu. Ruwan da ya taru a wurin ba daga sama kaɗai ya zo ba. Babbar kwatar Nima tana kwarara zuwa kogin Odaw, shi kuma ya zube a tafkin Korle kafin teku, yana ɗauke da yashi da shara da duk abin da muka jefa masa. A Kumasi ma mutanen Aboabo sun san halin rafinsu idan hadari ya haɗu. Mu ne muke kwana a bakin waɗannan ruwaye, amma in an zo gyara sai mu tsaya a gefe muna kallon baƙo da na'urar awo a kan ƙafa uku, ba mu san abin da yake rubutawa ba, balle mu ce masa ya yi kuskure.

To, mene ne wannan karatu da ake rainawa? Injiniyan gine-gine shi ne wanda zai lissafa yawan ruwan da zai sauko daga rufin gidajen unguwa a sa'ar da ruwa ya fi ƙarfi, daga nan ya san faɗin kwata da zurfinta da girman kwalbati. In gangaren ya yi kaɗan, yashi ya kwanta ya toshe ta. In ya yi yawa, ruwa ya ci gindinta. Shi ne zai sa a haƙa ƙasa a gwada ta kafin a zuba harsashi, don ƙasar da za ta ɗauki ɗaki biyu ba lallai ta ɗauki bene mai hawa uku ba. Ya san kankare yana jure danniya amma ba ya jure ja, shi ya sa ake saka masa rodi, kuma wurin da aka ajiye rodin a cikin dakin yana da muhimmanci kamar kaurinsa. Ya san sai bayan kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare, kuma yana bukatar a riƙa jiƙa shi a kwanakin farko, ba a kwance katako da gaggawa don mai gida yana son tarewa kafin Sallah ba. Ya san yashin bakin teku yana da gishirin da ke sa rodi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

Yanzu ku dubi yadda muke gini. Masallacin unguwa ya yi wa jama'a kaɗan, sai a yi yekuwa ranar Juma'a, a tara kuɗi, a ɗora hawa a kan ginshiƙan da aka kafa don kwano. Makarantar Islamiyya ta cika, a ƙara mata bene, a zuba yara ɗari a sama. Mun taɓa zama a wani kwamitin masallaci inda aka kawo shawarar a biya injiniya ya duba kafin a ɗora dakin, sai wani mai faɗa a ji ya ce kuɗin ya isa buhun siminti da yawa, kuma ɗakin Allah, Allah ne ke tsare shi. Yau akwai tsaga a jikin ginshiƙin gabas wadda ɗan yatsa ke shiga, an shafe ta da fenti. A watan Nuwamba 2012 wani babban kanti mai hawa da yawa ya rufta a Achimota da safe, mutum 14 suka mutu, bincike kuma ya nuna ginin ba shi da izini, kankarensa ba shi da ƙarfin da ya kamata. Siminti bai san bambancin kanti da masallaci ba.

Ga masu fakewa da addini, mu ma a gaban malamai muka durƙusa, kuma ba abin da suka karantar da mu ke nan ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa gini a cikin Ihya'u tare da noma da saƙa da shugabanci a matsayin tushen sana'o'in da rayuwar mutane ba ta tsayuwa sai da su, ya kuma sanya likitanci da lissafi cikin farilla kifaya. Har kukan ya yi cewa gari zai cika da masu zurfafa a fiƙihu alhali babu likita Musulmi a cikinsa. Hukuncin farilla kifaya kuwa kowane ɗan makaranta ya san shi: in wasu suka yi ta sauka daga kan saura, in aka rasa mai yi laifin na kowa ne. Muna alfahari da babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina a Kanda, aka buɗe a 2021. Kyakkyawa ne, babu musu. Amma ƙubba tana tsufa, hasumiya tana bukatar mai duba ta, kuma ba kullum za a aika Istambul ba.

Raina magini ma baƙon abu ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu sarauta suka naɗa masa, Sarkin Magina, kuma har yau ana zuwa Zariya kallon bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a tun ƙarni na 19. Ko da birkilan ne yaron zai zama, ina abin kunya? Balle injiniya ne, wanda birkila ke aiki da lissafinsa.

Akwai magana ɗaya ta masu adawa da muka yarda tana da nauyi. Shekara da shekaru masu babbar difloma daga foliteknik suna kukan ana ajiye su a bayan masu digiri wajen ɗaukar aiki da albashi, kuma gaskiya ne. Amma tun 2016 doka ta fara mayar da waɗannan makarantu jami'o'in fasaha, yanzu suna ba da digirin fasaha, wanda ya yi difloma ta shekara uku kuma yana iya ɗorawa. Ta Ankara tana nan gefen Tudu, inda iyayenmu ke kasa kaya, ta Kumasi ba ta da nisa da Zango. Ɗalibinsu yana fita wurin aiki tun yana karatu, ya riƙe na'urar awo, ya gwada kankare da hannunsa. Mai shari'a a wuya yakan jira ofis. Wannan ko ofis bai kira shi ba, mai gina gida zai kira shi.

Inda muke asarar yaran ma ba a ƙofar jami'a ba ne. Tun a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ake yanke hukunci, ranar da ake cike takardar zaɓen makaranta da fanni. Yaron da bai ɗauki kimiyya ko fannin fasaha ba, bai yi lissafi mai zurfi da fiziks ba, ƙofar injiniyanci ta kusa rufe masa yana ɗan shekara 15. Sau nawa uba a cikinmu ya zauna ya duba wannan takarda? Yawanci yaro ne da abokansa ke cikewa, su zaɓi abin da aka ce ya fi sauƙi. Tun Satumba 2017 babbar sakandare ta gwamnati kyauta ce, saboda haka uzurin kuɗi a wannan mataki ya ragu ƙwarai. 'Yan mata kuwa ba a ma kawo su cikin lissafi, alhali sau da yawa su ne kan gaba a aji, kuma ba mu ga inda shari'a ta hana mace auna ƙasa ba.

An kafa Asusun Raya Zango da doka, kuma kwata da hanya suna cikin abin da aka ce zai yi. Duk gwamnatin da ke kan mulki, aikin zai zo a matsayin zane da lissafi da takardar kwangila. In babu namu da zai karanta su, sai ɗan kwangila ya rage kaurin rodi, mu kuma mu zo da kalangu ranar buɗewa.

Ba mu ce a daina biki ba, ba mu ce a rage Mauludi ba. Muna cewa kuɗin ankon aure ɗaya da hayar rumfuna da masu kiɗa zai riƙe ɗalibi a jami'ar fasaha wani lokaci mai tsawo. Kowane kwamitin masallacin Juma'a ya nemi yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai kan lissafi, ya ɗauki nauyinsa har ya gama, da sharaɗin zai duba gine-ginen unguwa in ya fito. Kada a sake ɗora hawa a kan masallaci ko makaranta sai injiniya mai rajista ya sa hannu, ko da kuwa mai bayar da siminti zai yi fushi. Dattijon da ya zo zaure kuma, mai gida ya ba shi mako biyu ya yi tunani. In ya tsaya a kan bakansa, za mu karanta sunan yaron a taron jama'a na wata mai zuwa mu ajiye faranti a gaba, kuma sunan mai gida ne farko a jerin.