Sharhi: Kasuwar Kifi ta Baga Road da Ƙalubalen Kayan Aikin Ƙarfe Ƙirar Gida

Kafin kwalin banda guda ya bar Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri zuwa Onitsha, Inugu ko Legas, ya riga ya sha ɗauka da saukewa sau da dama. An fito da shi daga tsibiran Tafkin Chadi a kwale-kwale, an sauke shi a gaɓar Doron Baga, an loda shi a mota ya yi tafiyar kusan kilomita 200 ta Kuros Kauwa, Monguno da Gajiram. A kasuwa kuma a zazzage shi, a tantance manya da ƙanana, a sake ɗaurewa, sannan a miƙa shi saman babbar mota.

Kusan duk wannan aiki da ka, da kafaɗa, da baro ake yin sa. Busasshen kifi kuwa ba ya jure wurgi ko danniya. Tarwaɗar da ta baro murhu da kyanta tana iya isa hannun mai saye a kakkarye, kuma kowane dillali ya san ɓarɓashi ba ya yin kuɗin kifin da ke tsaye cif.

Shekara da shekaru, duk maganar da ake yi kan wannan kasuwa maganar tsaro ce, kuma da dalili. An kai hare-hare a kasuwar da kewayenta a 2012 da 2015. Garin Baga ya faɗa hannun mayaƙan Boko Haram a watan Janairun 2015, an sake mamaye shi a ƙarshen 2018, kuma sojoji sun sha hana kamun kifi da safararsa bisa hujjar cewa 'yan ta'adda na samun kuɗaɗen shiga daga cinikin. Sai a watan Satumban 2020 gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta fara mayar da mutanen Baga garinsu.

Tsaro shi ne sharaɗi na farko, babu mai musun haka. Amma akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi ba: idan kifin ya iso, da wane irin kayan aiki ake gasa shi, a auna shi, a ajiye shi, a loda shi, kuma wa zai ƙera kayan?

Tambayar tana da nauyi a ƙasar da alƙaluman gwamnati ke cewa tana buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da take samarwa bai kai rabin haka ba. Giɓin da kuɗin waje ake cike shi. Saboda haka kowane kwalin da ya lalace tsakanin Doron Baga da Onitsha asara ce biyu: ta mai kaya, da ta ƙasa.

Asarar tana farawa ne daga wurin gashi. Yawancin masu banda a yankin tafkin suna aiki da rami, ko murhun laka, ko rabin duro da aka ɗora wa raga. Wuta tana taɓa kifin kai tsaye, kitsensa yana ɗiga cikin garwashi, hayaƙi mai kauri ya taso ya lulluɓe shi. Wani ɓangaren ya ƙone, wani kuma cikinsa da sauran danshi. Kifin da bai bushe sosai ba shi ne ƙwari ke fara ci tun yana kan hanya, kuma daga nan ne wasu ke faɗa wa mummunar ɗabi'ar fesa maganin ƙwari a kan abincin mutane, abin da Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta daɗe tana gargaɗi a kai.

Wannan hayaƙin na kitse kuma yana barin wasu sinadarai da bincike ya danganta da cutar daji. Tun daga watan Satumban 2014, Tarayyar Turai ta tsaurara iyakar irin waɗannan sinadarai a cikin kifin da aka gasa da hayaƙi. A watan Maris na 2018 kuma Amurka ta daina karɓar tarwaɗa da danginta daga Najeriya, saboda ƙasar ba ta cika sharuɗɗan nuna ingancin tsarinta na duba kifi ba. Ke nan, bandar da aka yi a rabin duro tana da iyakar inda za ta je, komai daɗinta.

Maganin wannan ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Tun 1969 aka fito da murhun Chorkor a Ghana, wanda ake jera farantan raga a kansa hawa-hawa domin a gasa kifi mai yawa da itace kaɗan. Daga baya Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta haɗa kai da wata cibiyar horo a Senegal aka samar da tsarin FTT-Thiaroye, wanda ya ƙara kaskon garwashi da farantin tare kitse domin kada ya ɗiga a wuta. A nan gida ma, Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa, NSPRI, da ke Ilorin, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi, NIFFR, da ke New Bussa, kowace tana da nata samfurin murhun ƙarfe.

Abin lura shi ne, babu wani ɓangare na waɗannan murahu da ya fi ƙarfin mai walda na Maiduguri. Farantin ƙarfe ne, da ƙarfe mai kusurwa, da raga, da ƙofa mai rufuwa ruf, da bututun fitar da hayaƙi. Haka nan teburin tantance kifi, da kantar jera kwalaye domin kada su taɓa ƙasa, da kura mai taya huɗu, da gadar loda kaya wadda tsayinta ya yi daidai da bayan mota. Masu waldar da ke ƙera ƙofofi, tankunan ruwa, injinan niƙa da bodin motoci a birnin, hannunsu ya isa wannan aiki.

To me ya hana? Abu na farko shi ne ƙarfen kansa. Wurin da abinci zai taɓa yana buƙatar ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma daga ƙasashen waje ake shigo da shi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024, kuma farashin duk ƙarfen da ake shigowa da shi ya bi ta. Mai walda da ba shi da jari sai ya koma kasuwar 'yan gwangwan, ya sayi tsohon duro ko ragowar bodin mota. Duron da aka taɓa zuba sinadari a ciki, ko farantin da ke da fenti, in ya sha wuta, abin da ya fitar kifi ne zai sha.

A duk lokacin da aka ambaci tsadar ƙarfe, hankali yakan koma Ajaokuta. An ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar da kamfanin Tyazhpromexport na tsohuwar Tarayyar Sobiyat a 1979, kuma a 1994 aka ce aikin ya kai kashi 98 cikin 100, amma har yau babbar tukunyar narka tamanta ba ta taɓa aiki ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince ta biya dala miliyan 496 domin kawo ƙarshen taƙaddamarta da kamfanin Global Steel. A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Ƙarafa, aka naɗa Shuaibu Abubakar Audu minista, kuma a watan Satumban 2024 aka sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin na Rasha a Mosko.

Sai dai ya kamata 'yan kasuwar Baga Road su san abu guda. Kashin farko na Ajaokuta, kamar masana'antun murza ƙarfe na Katsina, Jos da Osogbo da aka buɗe a farkon shekarun 1980, an tsara shi ne domin dogayen ƙarafa irin su rodi da waya da ƙarafan gini. Farantin ƙarfe an bar shi ne zuwa kashi na gaba. Ko da masana'antar ta tashi gobe, mai ƙera murhu zai samu ƙarfen firam, amma farantin da ba ya tsatsa zai ci gaba da zuwa daga tashar jiragen ruwa. Wanda ya ce sai Ajaokuta ta tashi za a gyara kasuwar kifi, ya ɗaure akuyarsa a bishiyar da ba ta tsiro ba.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake kayarwa cikin 'yan kwanaki, birnin ya shafe watanni a duhu. Tashar iskar gas mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023, ta rage raɗaɗin. Amma mai walda da ya koma kan janareta, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dole ya ɗora kuɗin mai a kan kowane ɗinkin ƙarfe da ya yi.

Abu na uku, wanda ya fi sauƙin gyara, shi ne rashin ma'auni guda. Idan kowane shago ya ƙera murhu da nasa awon, farantin wannan ba zai shiga na wancan ba, kuma idan ƙofa ta lalace a Doron Baga sai an nemo ainihin wanda ya ƙera ta. Walda a kan ƙarfen da ba ya tsatsa ma tana da nata ilimi da nata kayan aiki, dabam da waldar ƙofar gida.

A nan ne batun bel mai jan kaya, irin na manyan masana'antu, yake shigowa, domin duk lokacin da aka yi maganar zamanantar da kasuwa shi ake fara hangowa. Misalinsa yana nan cikin gari, a masana'antar lemon kwalba ta kamfanin NBC da ke Maiduguri. Bel yana biyan kuɗinsa a irin wannan wuri saboda kwalaben girmansu ɗaya, suna tafiya ba yankewa, akwai wuta tsayayya, akwai injiniyoyi da kayan gyara a ajiye.

Kasuwar kifi ba haka take ba. Kaya na zuwa ne bisa yanayin ruwa da halin hanya, yau a cika maƙil, gobe a yi zaman jira. Kwalayen ba girmansu ɗaya ba, kuma kowanne da mai shi da fatomansa. Bel mai aiki da lantarki yana buƙatar injin juyawa, giya da boris, waɗanda mafi yawansu daga waje suke zuwa. Ɗaya ya lalace, duk layin ya tsaya. Ƙasar nan ta ga isassun injinan da aka yanka musu kyalle ranar buki, bayan shekara guda suka zama matattarar ƙura. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya dace da kasuwar a wannan mataki shi ne layin rola marar inji, wanda ake ɗan karkata shi kwali ya gangara da nauyinsa, ko a tura shi da hannu daga rumfa zuwa bakin mota. Bututun ƙarfe ne da boris da firam, kuma duk wanda ya ƙera shi zai iya gyara shi.

Wannan zaɓi yana kuma amsa wata damuwa ta gaskiya. 'Yan dako da masu lodi a Baga Road suna ciyar da iyalai da wannan aiki, a birnin da ya karɓi ɗimbin mutanen da rikici ya raba da garuruwansu. Injin da zai kore su zai gamu da turjiya, kuma suna da hujja. Kura da layin rola kuwa suna buƙatar mai turawa da mai jerawa. Abin da suke ragewa shi ne ciwon baya da karyewar kifi. Idan ƙungiyar masu lodin ce ta mallaki kayan, tana karɓar kuɗin haya, to sun zama masu jari a cikin gyaran.

Cibiyoyin da za su haɗa wannan aiki suna nan. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, wadda Gwamna Zulum, masanin injiniyancin aikin gona, ya taɓa shugabanta, da Jami'ar Maiduguri, da Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifin Ruwan Daɗi ta Baga, za su iya fitar da zane guda mai ma'auni, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta amince da shi. Akwai abin koyi a Kasuwar Panteka ta Kaduna, inda Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, ta shigar da maƙera da masu walda cikin tsarin ba da shaidar ƙwarewa.

Sauran aikin na masu riƙe da kuɗi ne. Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, NEDC, mai hedikwata a Maiduguri, da gwamnatin jiha, da ƙungiyoyin agaji da ke raba wa masunta kayan sana'a, za su iya ba masu waldar garin kwangilar ƙera kayan bisa wannan zane, maimakon a ɗauko su a mota daga Legas. Dokar Shugaban Ƙasa mai lamba 003 ta 2017 ta riga ta umurci hukumomin tarayya su fifita kayan gida wajen saye. Odar murhu ɗari a lokaci guda tana ba ƙungiyar masu walda damar sayen faranti a sari, ta kuma zama hujjar da za su nuna wa Bankin Masana'antu idan sun je neman rance.

Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arziƙin Ruwa, wadda sashen kula da kifi na tarayya ya koma ƙarƙashinta, tana da nata rabon: ta tabbatar cewa shirye-shiryenta sun isa Tafkin Chadi kamar yadda suke isa gaɓar teku.

Masunta sun koma ruwa duk da haɗarin da ke ciki, direbobi kuma suna bin hanyar Monguno da ransu a hannu. Kifin da aka sha wannan wahala aka kawo bai kamata ya ƙare a matsayin ɓarɓashi a ƙasan rumfa ba, alhali waɗanda za su ƙera abin da zai kare shi suna cikin gari guda da kasuwar, suna jiran zane, faranti da mai ba da oda.