Wa ke riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje?

Ƙasar da ta fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, ta buɗe matatar mai kusa da Damagaram a 2011, bai dace ƴaƴanta na lise su koyi kimiyya bisa allo kaɗai ba. Malami na koyarwa, amma laborantan ne ke shirya madubin ganin ƙwayoyin cuta, ya auna sinadarai, ya sirka asid, ya kare masu kama wuta daga zafin bazara. In babu shi, kayan da harajin ƴan kasuwa ya saya sai su yi tsatsa cikin kwali, ɗalibi ya tunkari jarrabawar bak da hadda tsagwaronta. Ya ku mahukunta, ku horar da waɗannan ma'aikata, ku ɗauke su aiki, ku biya su kan kari.