Man Girki da Rigakafin Dundumi

Dundumi tsohon ciwo ne a ƙasar Hausa, galibi kuwa ƙarancin bitamin A ke haddasa shi. Wannan bitamin, kamar 'yan'uwansa D da E da K, a cikin maiƙo yake narkewa. Shi ya sa a 2002 gwamnatin Nijeriya ta wajabta zuba shi cikin man girki, amanar da ta hau wuyan masana'antun mai na Sharaɗa da Chalawa da Bompai.

To, amma talaka man awo yake saye, marar tambari, wanda ya wuni a rana, hasken rana kuwa yana lalata bitamin ɗin. A ganina, wajibi ne hukumar NAFDAC ta riƙa gwada mai tun daga masana'anta har teburin ɗan tireda. Rigakafi dai ya fi magani.