Girgizar ƙasar Taiwan da kuɗin adashin malamai

Kwanan baya a nan Dakoro wani abokin aikina ya nuna mani saƙo a WhatsApp: wai a zuba kuɗi a hannun jarin kamfanonin da ke ƙera cip, wato ƴar ƙwaƙwalwar da ke cikin salula da kwamfuta, riba tabbas. Shi har ya yanke shawarar zuba kwasar adashinsa. Na ce masa ya dakata.

Gaskiya sana'ar tana da kuɗi. Amma mafi yawan cip masu inganci na duniya a tsibirin Taiwan ake yin su, galibi a kamfanin TSMC, kuma ƙasa ce mai yawan girgiza. Ranar 21 ga Satumba 1999 girgiza ta kashe mutum fiye da 2,000 a can, wuta ta ɗauke, masana'antu suka tsaya, farashin cip ya tashi. A 2011 girgizar Japan ta lalata masana'antar Renesas, har ƙera motoci ya samu cikas. Ranar 3 ga Afrilu 2024 Taiwan ta sake girgiza, TSMC ya fitar da ma'aikata, ya yi asarar kusan dala miliyan 90.

Kamfanin bai durƙushe ba, domin ya gina masana'antunsa da shirin irin wannan rana, kuma yana kafa wasu a Amurka da Japan da Jamus. Dabarar nan mun san ta. Makiyayin kwarin Tarka yakan rarraba dabbobinsa a hannun dangi, manomi kuma yana haɗa gero da wake. Waɗanda suka ga farin 1984 sun san dalili.

To idan mai masana'antar da kansa yana rarraba dukiyarsa, mene ne hujjar malamin da zai tattara ta shekara guda ya tura wa wanda bai taɓa gani ba? Hannun jari yana hawa yana sauka, duk wanda ya ce maka riba tabbas, ka riƙe aljihunka. Ban ce jari haramun ba ne. Na ce kuɗin hatsi da na karatun yara ba na gwaji ba ne. Mai rara ya je banki ko dillali mai lasisi, ya yi tambaya har ya gane.

Mu kuma malamai, mu kai labarin cikin aji. Mu nuna wa yara Taiwan a taswira, mu ɗaga salula mu tambaye su daga ina ƙwaƙwalwarta ta fito. Abokin nawa dai buhunan gero ya saya.