Biyayya Ba Bauta Ba Ce

Jama'a, ana ce mana bin na gaba bin Allah ne. To, amma na gaban da ya riƙe amana!

Dattawa ku tuna. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, talakawa sun sha ɗauri da bulala don sun ƙi zalunci, ba su fasa ba. A 1979 Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna. Da kowa ya yi shiru, wa zai soke?

Ku bi doka, kada ku ɗauki sanda. Amma ku tambayi mai mulki: ina taki, ina rijiya, ina magani? In ya kasa amsawa, ran zaɓe ku kayar da shi da ƙuri'arku.